Geron da Ya Riga na Kowa Nuna

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shirin rediyo, sannu da ƙoƙari. Ni manomi ne daga Katuru ta ƙasar Shinkafi.

Shekarun nan ruwan sama da wuri yake ɗauke mana. Bara wasu masu binciken noma suka kawo irin gero mai saurin nuna, suka ce a gwada. Kowa ya noƙe, ni na shuka. Wallahi ya yi kyau! Sai dai lokacin da nawa ya nuna, na maƙwabta ko kai bai fitar ba. Tsuntsayen yankin nan kaf suka sauka a gonata. Na kaɗa gwangwani don korar su har hannuna ya sage, da ƙyar na tsira da abin iri.

Na bi masu binciken har Ƙaura neman shawara, babbansu ya ce, "Baba, muna son dawowa, kuɗin binciken ne ya ƙare."

Malam, wai wa ke biyan masu bincike ne? Tunda mun samu jiharmu, ga zakka ana tarawa, a tambayar mana malamai ko ya halatta a ba su su ƙarasa aikin.

Irin yana nan cikin tulu, damina kuma ta matso. In shuka, ko in ba uwargida ta dama mana fura?