Sunan Ɗan Fari

A bakin iyakar Jibiya, inda motocin Maraɗi ke jiran bincike, wani dattijo ya tare wani direba yana shan shayi.

"Ɗan nan, ko ka taɓa ɗaukar wani saurayi dogo, mai tabo a goshi? Daga Farfaru yake. Damina biyu ke nan da ya ƙetare."

"Baba, dogaye nawa nike kwasa kullum? Mi sunanai?"

"Ɗan farina ne. Mu ba mu kiran sunan ɗan fari."

"To da mi zan yi cigiya? Da tabo?"

"Haka muka taras. Wanda ba ya da kunya ai ba mutum ba ne. Shi ko yaron ya ce bauta ce, wai za shi inda ba mai ce mashi sunkuya."

"Kun taɓa zama kun yi hira?"

"Ni? Da ɗan fari? Ko ranar da ya zo yi mani bankwana a zaure ban ɗaga kai ba. Mutane na wurin."

"Ni ma ɗan fari ne, Baba. Wannan shirun ya kore ni daga gida. Yanzu ba mai hana ni komi, ba kuma mai tambaya ko na ci abinci. Tsohona ya rasu bara, ban taɓa jin sunana a bakinai ba. Don Allah faɗi sunan. Ba kowa nan sai ni."

Dattijon ya buɗe baki, ya waiga dama da hagu, ya rufe.

"Dogo ne," ya ce. "Da tabo a goshi."