“Za A Yi”: Ɗan Gidan Wane Ne?

Assalamu alaikum mai gabatarwa, tare da duk masu sauraro.

Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, na tsufa ina rubuta bayanan taro, har na daina yarda cewa taro yana gyara komai. Yanzu ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu a Ƙofar Dumi. Duk damina lambatun layinmu yakan toshe, ruwa ya kwanta a gindin katangata har ta fara tsagewa. Duk zama ni da hannuna nake rubuta, “Za a share lambatu.”

Bana muka zaɓi Malam Habu tela ya shugabance mu. A raina na ce wanda bai gama firamare ba, me ya sani game da taro? Da na karanta bayanan zaman baya, sai ya ɗaga hannu.

“Baba Sakatare, wannan ‘za a’ ɗin ɗan gidan wane ne? Shekara nawa muna ba shi aiki, bai taɓa zuwa ba.”

Aka fashe da dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Ya hana a shafa fatiha sai da na rubuta sunan mutum shida, da ranar Asabar, da mai kawo shebur, na kuma karanta kowa ya ji ya amsa.

Asabar aka share lambatu. An yi ruwa uku tun lokacin, katangata tana tsaye.

Malam Habu, na raina ka, ka yafe mini. Allah ya saka da alheri. A gaishe mini da mutum shidan nan.

Naku, Baba Sakatare, Bauchi.