Ba Na Masu Awon Gida Ba Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Abdulhafiz, malam limaminmu da na'ibinsa, dattawan Zango, masu goro da masu tufafi, 'yan'uwana direbobi, iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfa, matasa, har da waɗanda ƙamshin shinkafa ya kawo: ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Ni ne Shitu direba. 'Yan ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye sun tura ni in yi magana, ba don na fi su sani ba, sai don na fi su baki. Mun gode wa wanda ya ba mu shawara, mun gode wa wanda ya ba mu aron mota, mun gode har wa wanda ya yi mana dariya, domin dariyarsa ta ƙara mana himma.

Wannan abu da ke tsaye gabanku a kan ƙafa uku, madubin hangen nesa ne. Yana son tudu, kuma duk layinmu babu tudu kamar saman benen Hajiya Mamunatu, ita kuwa ta rantse ba zai taka ƙofarta ba. Zan faɗi dalili, amma ku bari in fara da yadda muka zaɓe shi.

Na farko, mun duba girman gilashin gaba. Ƙarami ba ya da nauyi, amma rowar haske gare shi, tsuntsu kuwa da sassafe yake fitowa, ko da maraice. Sai muka ɗauki mai faɗin baki. Mun kuma ƙi miƙaƙƙe, muka zaɓi wanda wajen sa idonsa ya tanƙwaro sama, domin mu jama'a ne: dogo ya sunkuya, gajere ya leƙa, ba sai an yi ta ɗaga ƙafafu ana saukewa ba. Su ma ƙafafun mun nemi masu nauyi. Madubi mai kyau a kan ƙafa mai rawa, zalɓe ɗaya zai nuna maka kamar goma.

Na biyu, yadda ake aiki da shi. Kada ka fara da jawo abu kusa sosai. Rafi'u, ɗan ƙungiyarmu, ya yi haka a bakin baraj, wato madatsar ruwa, ya daɗe yana yaba mana farar balbela, ashe leda ce ta maƙale a ƙaya. Fara da faɗi, ka samo tsuntsun, sannan ka murza a hankali. Kada ka fito da tsakar rana, zafi na sa komai ya yi ta kaɗawa. Kada ka goge gilashi da bakin riga. Kada kuma, don girman Allah, ka juya shi wajen rana, idonka zai tafi.

Na uku, shi ne darasin da Zango ta koya mana. Ranar da muka fara kafa shi a bakin layi, Rafi'u ya rufe ido ɗaya, yana ɗaga hannu yana cewa a matsa hagu kaɗan. Kafin mu ankara masu shago sun fara rufe ƙofa, mai shayi ya kwashe kofunansa. Sai ga Hajiya ta fito, ko mayafi ba ta gyara ba.

Ta ce, "Kun kuma dawowa? Da irin wanga mai ƙafa ukku jometir, mai awon gida, ya leƙa gidana na unguwar Koulouba, bayan nan aka zo aka shafa fenti ga bango, aka rushe shi. Yanzu ina kuke so in koma?"

Mu mun fara dariya, amma da muka ga ba wasa take yi ba, sai muka daina. Wallahi tausayi ya kama ni. Saboda haka ku shaida, dattawa: ba za mu sake kafa shi ba sai mun yi sallama mun faɗi abin da ya kawo mu, kuma bakinsa ba zai taɓa kallon tsakar gidan kowa ba.

Jiya da safe muka je ba ta haƙuri. Ta daɗe tana hararar madubin, sannan ta ce, "Shitu, ɗan nan, yana ganin shamuwa?"

Na ce, "Hajiya, har ƙwayar idonta."

Ashe a tsohon gidanta akwai itacen da shamuwa ke sauka duk gabanin damina. Tun da aka sare shi ba ta sake sa su a ido ba. Muka ajiye mata kujera a ƙofar gida, muka rage ƙafafun, muka saita wani dogon maɗaci can wajen unguwar Larlé. Ta sa ido. Can sai muka ji ta ce, "Lahaula! Ga su nan, har da sheƙa. Ashe su ma sun samu wurin zama."

Ta share ido da gefen mayafi, ta kwance makullin bene daga bakin zanenta, ta miƙo mini. Sharaɗinta ɗaya: duk ranar da za a hau, ita ce farkon leƙawa. Jama'a, ga makullin nan a hannuna, ga Hajiya can tana ɓoye fuska. Ku tafa mata!

Allah ya zaunar da Zango lafiya. Allah ya tsare mana rufin kanmu, ya ba wanda ya rasa nasa wanda ya fi shi. Allah ya ƙara wa idanun iyayenmu haske, ya kawo damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.