Dodo a Ƙunshin Ƙosai

Tashar Goronyo, mota ta ƙi cika. Wani magidanci ya matso kusa da wani dattijo mai cin ƙosai.

"Baba, in ka ƙare, ba ni takardar ƙunshin."

"Mi za ka yi da ita?"

"Mai ƙosan nan littafin zanen dodo taka yagewa tana ƙunshi. Kullum sai na saya don in bi labarin. Shafin ƙarshe na hannunka."

"Da gemunka?"

"Ambaliyar ruwa ta cinye mani gonar albasa bana, Baba. So nika yi in ga an ka da macuci, ko ga takarda."

Dattijon ya ɗaga takardar ga rana, ya daɗe yana dubawa.

"Mai ya jiƙe wurin, ɗana. Haƙoran dodon kaɗai sunka rage."