Tafinta a Ɗakin Kaka

A ɗakin jira na asibiti, wata malama ta ƙura wa jakar makarantar da ke cinyar wani dattijo ido.

"Alhaji, 'yarka ce a sakandaren nan ta masu jarrabawar ƙasar waje?"

"Ita ce, autata. Turanci kamar a can aka haife ta!"

"Na koyar a can, na gudu. Yaro ya haddace kogunan ƙasar da bai taɓa gani ba, bai san sunan wanda ya ratsa garinsu ba. In ya yi harshen gida a aji, a hana shi fita wasa. Ku kuma kuna tafi!"

"Haba Malama, ai ci gaba ne."

"Ci gaba? Tana ina yanzu?"

"Tana ciki wajen mahaifiyata. Likita ya ce a yi bankwana. Tsohuwa ta koro ni, wai tana da maganar da za ta bar wa jikarta, ta mata zalla."

"Allah ya sawwaƙe."

Dattijon ya daɗe yana murza igiyar jakar.

"Malama, yarinyar ba ta jin harshen gida, ba ta gane abin da kakarta take faɗa. Ni nake fassara musu. Don Allah, ko za ki shiga?"