Garmar da Ta Ci Itatuwan Gawo

A kasuwar Kafin Hausa, Shu'ibu ya kasa garmar shanunsa yana jiran mai saye. Wani matashin manomi daga Auyo ya tsuguna yana shafa bakinta.

"Baba, sabuwa ce fil. Me ya sa za ka rabu da ita?"

"Ba ta da aibu," in ji Shu'ibu. "Baturen gona ya raba mana irin waken suya, ya ce a ja kunya miƙaƙƙiya. Itatuwan gawo suka tare wa shanu hanya, na sare su duka."

"To, ai ka huta da kewaye-kewaye."

"Na huta kam. Ruwa ya ɗauke tsakiyar damina, waken ya ƙone yana cikin fure. Maƙwabcina bai taɓa nasa itatuwan ba. Ganyen da suka zubar ya riƙe masa danshi, ya girbe abinsa."

Matashin ya janye hannunsa. Shu'ibu ya ga ciniki zai kuɓuce masa.

"Saya mana, ɗana. Kai dai ka bar itatuwanka, shanu su riƙa kewayawa."

"Waɗanne itatuwa, Baba? Sai da na gama sare su na taho neman garma."