Ƙanwata Ba Ta Taɓa Jin Turanci Ba

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Bashir ne daga Kwamba, Suleja.

Ƙanwata Hauwa kurma ce, tana kwalejin ilimi. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar Turanci, in ta sake za a sallame ta. Ta san kalmomi, amma ƙananan da ke haɗa jimla da nuna lokaci suna kuɓuce mata.

Jiya na zauna koya mata, ta rubuta wata jimla da kuskure. Na rubuta mata cewa ta maimaita jimlar, za ta ji inda ta karkace. Ta rubuto: "Yaya, da wane kunnen?" Sai na tuna ni da kunne na koya.

Wanda ya san hanya ya taimaka. Hauwa ba za ta ji shirin nan ba, ni zan rubuta mata abin da kuka ce.